Tarihin Lissafin Ganin Layin Titi

Lissafin ganin layin titi reshe ne na ilimin kiyaye haɗurra, kuma tambayarsa guda ce: daga nisan mita nawa direba zai hango layin da aka shafa a kan kwalta, musamman da daddare, lokacin da ba shi da ɗan jagora sai fitilar motarsa.

Layin ya girmi lissafin nesa ba kusa ba. A 1911 Edward Hines ya sa aka ja layi a tsakiyar wani titi a gundumar Wayne ta jihar Michigan a Amurka. Da rana fenti na aikinsa, amma da dare hasken fitila kan daki kwalta ya yi gaba, kaɗan ke komowa idon direba. A shekarun 1930 aka fara barbaɗa ƙwayoyin gilashi masu kama da yashi a kan fentin tun yana ɗanye. Ƙwayar da ta nutse kusan rabi takan karɓi haske ta mayar da shi inda ya fito.

Tushen lissafin kuwa daga ɗakin gwaji ya fito. A 1946 Richard Blackwell ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da 'yan mata masu lafiyar ido, inda ya auna iyakar bambancin haske da ido ke iya kamawa tsakanin abu da bayansa. Aiki ne mai daraja, sai dai ba 'yan mata kaɗai ke tuƙi ba. Idon ɗan shekara 60 yana samun kusan kashi ɗaya cikin uku ne na hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 20, kuma fitilar motar da ke tahowa ta fi kashe masa ido. A 1989 Werner Adrian ya fitar da tsarin lissafi da ya sa shekarun mai kallo a ciki. A ganina wannan gyara ya fi kowanne muhimmanci, domin layin da dattijo ba ya gani bai cika aikinsa ba.

Da kwamfuta ta samu, Helmut Zwahlen da Thomas Schnell na Jami'ar Ohio suka ƙirƙiro manhajar CARVE a shekarun 1990, daga baya Schnell ya ci gaba da TARVIP a Jami'ar Iowa. Ana ba manhajar faɗin layi, irin fitila, tsayin kujerar direba da shekarunsa, ita kuma ta faɗi nisan gani. Tsayin kujera ba ƙaramin abu ba ne: direban tirela yana zaune can sama da fitilunsa, alhali ƙwayoyin gilashin wajen fitilar suke mayar da haske.

Inda masana suka sha bamban shi ne daƙiƙa nawa ya kamata direba ya riga ganin hanya kafin ya iso ta. Binciken Turai mai suna COST 331, wanda aka kammala a 1999, ya ce mafi ƙaranci daƙiƙa 1.8. Zwahlen da Schnell suka tsaya a kan 3.65. Ga mai gudun kilomita 100 a awa, na farko mita 50 ke nan, na biyu kuwa kusan 101, kuma tazarar nan kuɗi ce, don ita ke nuna yaushe za a sake fenti.

Ma'aunin Turai na EN 1436 ya tsayar da yadda ake awo: kamar direba na duban layi daga mita 30, idonsa a tsayin mita 1.2, fitilarsa a 0.65. Amurka kuwa sai a 2022 ta kafa mafi ƙarancin ƙyallin da layi zai kasance da shi, kuma a busasshen titi ake auna shi. Ruwan sama na rufe ƙwayoyin gilashin, layi ya ɓace a daren da aka fi bukatarsa, shi ya sa ake ƙera manyan ƙwayoyi da layi mai tudu-tudu da ke leƙowa saman ruwa.