Alhakin kamfanoni a kan al'umma: abin da masana suka bincika da abin da suka bari

Alhakin kamfanoni a kan al'umma, wanda ake taƙaitawa RSE da Faransanci, ra'ayi ne da ke cewa ban da neman riba, kamfani na da nauyin ma'aikatansa, da mutanen da ke zaune kewaye da shi, da kuma muhalli. Fiye da shekara 70 ke nan jami'o'i na nazarin wannan batu.

Asalin binciken

Masana da dama na danganta mafarinsa da littafin da Howard Bowen, masanin tattalin arziki na Amurka, ya wallafa a 1953. A 1970 Milton Friedman ya yi wa ra'ayin raddi, inda ya ce aikin kamfani shi ne ƙara riba muddin bai karya doka ba. A 1991 Archie Carroll ya jera nauyin kamfani hawa huɗu: samun riba, bin doka, kiyaye ɗa'a, sannan taimakon jama'a. Daga baya hukumomin duniya suka shigo. An fitar da mizanin ISO 26000 a 2010, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ƙa'idojin kasuwanci da 'yancin ɗan Adam a 2011.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masana ita ce: shin kyautata wa al'umma na ƙara wa kamfani riba? A 2003 Marc Orlitzky da abokan aikinsa biyu sun tattara bincike 52, suka gano cewa galibi abubuwan biyu na tafiya tare.

Inda giɓin yake

Giɓi na farko shi ne an fi auna amfanin da kamfani ke samu fiye da na jama'a. Ana ƙidaya rijiyoyin da aka haƙa da azuzuwan da aka gina, amma ba kasafai ake komawa bayan shekaru a duba ko rijiyar na ba da ruwa, ko ajin na da malami ba.

Na biyu, yawancin binciken an yi shi ne a kan manyan kamfanonin Amurka da Turai. Wayne Visser na Afirka ta Kudu ya nuna cewa a Afirka taimakon jama'a kan zo gaban bin doka, saboda raunin hukumomi. George Frynas kuma, a nazarinsa na 2005 kan kamfanonin mai, ya ce ayyukansu na raya karkara ba su cika kawo ci gaba mai ɗorewa ba.

Na uku, alƙaluman da ake aiki da su galibi daga rahoton kamfanonin kansu suke fitowa. Na huɗu, ƙananan masana'antu da 'yan kasuwa marasa rajista, waɗanda su ne mafi yawa a kasuwannin Afirka, ba su cika shiga lissafi ba.

Misali daga Nijar

A Arlit, kamfanin SOMAÏR ya soma haƙar uraniyom a 1971, COMINAK kuma ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi a watan Maris na 2021. Kamfanonin sun gina asibitoci da gidajen ma'aikata. Amma awon da cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta fara a 2003 tare da ƙungiyar farar hula Aghir In'man, da rahoton Greenpeace na 2010, sun nuna gurɓacewar ruwa da ƙasa. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya musanta wani ɓangare na sakamakon.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa. Bin sawun wannan kuɗi, da auna lafiyar mazauna Arlit, Agadem da kewayen matatar SORAZ ta Damagaram na tsawon shekaru, aiki ne da jami'o'in Yamai, Agadas da Damagaram suka fi kowa kusa da shi.