Man da ba a gani: tarihin mai a layin wasan bolin

Waɗanda suka taɓa raka yara wasan bolin a manyan kantunan Legas ko Abuja lokacin bukin salla sun san abin nan: ka jefa ƙwallo ta tafi ta buge kwalaben, idan ta dawo ka ɗauka sai ka ji maiƙo a hannunka. Da yawanmu mun ɗauka ƙazanta ce ko sakacin ma'aikata. Ashe da gangan ake shafa man, kuma a Amurka, inda wasan ya girma, an daɗe ana rigima a kansa.

Tsawon layin daga inda ake sakin ƙwallo zuwa kwalba ta farko ƙafa 60 ne, faɗinsa kuma siraran katako 39 ne jere da juna. Lokacin da aka kafa ƙungiyar wasan ta Amurka, wato ABC, a birnin New York a 1895, katako ne zalla ake shafe shi da fenti mai sheƙi. Ƙwallon da nauyinta ya kai kilo 7 tana faɗuwa a kansa dare da rana, dole ya ci. Shi ya sa aka fara shafa mai, don a kare katakon kawai.

Sai 'yan wasa suka lura da wani abu. Ba a shafa man har ƙarshen layi, ana tsayawa wajen ƙafa 40, sauran a bar shi a bushe. Gwani yana murza ƙwallo lokacin da zai sake ta. Muddin tana kan mai sulɓewa take yi, murzawar ba ta aiki. Da ta taka busasshen wuri sai ta kama ƙasa ta lanƙwasa ta shigo wa kwalaben ta gefe, kuma wannan shigowar ta gefe ita ke zubar da duka goman. Idan man gajere ne ta lanƙwasa da wuri, idan dogo ne ta makara. Duk man da ke yin wannan aiki bai wuce cokali biyu na cin abinci ba a layi guda.

Masu gidajen wasa su ma ba a bar su a baya ba. Suka gane cewa idan aka tara mai a tsakiya aka bar gefe da ɗan kaɗan, layin da kansa zai riƙa gyara kuskuren mai wasa. Wanda ya kauce waje, busasshen gefe ya dawo masa da ƙwallo. Wanda ya matso ciki, man tsakiya ya hana ta lanƙwasa fiye da kima. Kwastoma ya ci maki da yawa, ya ji daɗi, gobe ya dawo. A irin wannan shafi man tsakiya kan ninka na gefe har sau goma. Mu dai a ganinmu wannan bai da maraba da mai awo da ya daddale gindin mudu, sai dai a nan mai saye ake yi wa alfarma.

'Yan wasa kuma suka koma kan ƙwallon. A 1973 wani ƙwararre mai suna Don McCune ya riƙa jiƙa ƙwallonsa ta filastik a cikin sinadari don fatarta ta yi laushi ta fi kama layi. Ya ci gasa shida a shekarar, daga nan aka kafa dokar auna taurin ƙwallo. A farkon shekarun 1990 aka fito da ƙwallaye masu tsotse mai kamar soso. Su ne suka sa layi ke sauya hali ana cikin wasa: kowace jifa tana kwashe mai daga inda ta bi, wani kuma ta ja shi gaba zuwa busasshen wuri, sai ka ga gwanaye suna ta matsawa gefe kaɗan-kaɗan suna neman inda man ya rage.

Wanda rigimar ta fi ci shi ne Glenn Allison. Maki mafi yawa a wasa ɗaya 300 ne, wato a zubar da kwalaben duka sau 12 a jere. Ranar 1 ga Yulin 1982, a garin La Habra da ke jihar Kalifoniya, wannan mutum mai shekara 52 ya yi haka sau uku a jere, jifa 36 babu kuskure ko ɗaya, maki 900. Kuma da ƙwallon filastik ya yi, wadda ba ta da kamun na yanzu. ABC ta duba layin ta ce shafin man ya saɓa wa ƙa'ida, ta ƙi amincewa da makin. Ba shi ya shafa man ba, kuma ba shi kaɗai ya yi wasa a gidan a daren ba. Sai a watan Fabrairun 1997 ƙungiyar ta amince da 900 na farko, na wani ɗalibi, Jeremy Sonnenfeld, a jihar Nebraska.

Daga baya hukumomin wasan suka raba abin gida biyu: shafin nishaɗi na gidajen wasa, da shafin gasa wanda man tsakiya ba ya wuce ninki uku ko huɗu na gefe. A 2005 ƙungiyar ƙwararru ta PBA ta fito da salon shafi biyar masu sunayen dabbobi, ciki har da kunama da hawainiya, kowanne da tsawonsa. A 2013 ta fara zuba shuɗin launi a cikin man don masu kallo a talabijin su ga inda yake da yadda yake gushewa.

Shi kuwa Allison, magoya bayansa sun yi ta kai ƙorafi. Hukumar USBC, wadda ta gaji ABC a 2005, ta sake duba maganar a 2014, ta ce hukuncin 1982 yana nan yadda yake.