Bashin Hankali: Dabbobi Masu Magana a Littattafan David Brin

Ƙagaggun labaran kimiyya sun daɗe suna kewaya tambaya guda: idan ɗan'adam ya sauya halittar dabba har ta yi magana ta kuma yi tunani, mene ne matsayinta a wurinsa? H. G. Wells ya taɓo ta tun 1896 a littafinsa The Island of Doctor Moreau, inda wani likita ke yanyanka dabbobi yana ɗinke su cikin siffar mutane, sannan ya riƙe su da doka da tsoron azaba. Pierre Boulle, ɗan Faransa, ya juya lamarin a 1963, ya ɗora birai a kan mutane. Amma marubucin Amurka David Brin ne ya mayar da tambayar cikakken tsarin mulki, a jerin littattafan da ya fara da Sundiver a 1980, sai Startide Rising a 1983 da The Uplift War a 1987. Na biyu da na uku duka sun ci lambar Hugo.

A duniyar Brin, halittun sararin samaniya sun yi imani cewa babu jinsin da ke kaiwa ga hankali da kansa. Dole wani tsohon jinsi ya tsinci dabba mai alamar basira, ya gyara ƙwayoyin halittarta zuriya bayan zuriya har ta waye. Ladan wannan aiki kuwa bauta ce ta shekara 100,000. Darajar kowane jinsi tana rataye da silsilar iyayengijinsa da yawan barorinsa. 'Yan'adam ne suka zo suka dagula lissafi: ba a san wanda ya raine su ba, ga shi kuma kafin a haɗu da su sun riga sun fara ɗaukaka biran chimpanzi da dabbar ruwa dolfin. Wato marasa asali ne a idon sauran, amma doka ta tilasta a kira su iyayengiji. Daga nan gaba ta samo tushe. A Startide Rising rundunoni da dama suna farautar kumbon Streaker, wanda mafi yawan ma'aikatansa dolfin ne, saboda wani tsohon sirri da ya yi tuntuɓe da shi. A The Uplift War kuma jinsin Gubru masu kama da tsuntsaye suka mamaye duniyar Garth, suka killace mutane, nauyin tirjiya ya faɗa kan birai.

Mai karatu na iya ɗauka cewa yaƙin shi ne zuciyar labarin. Ba shi ba ne. Abin da ya fi nauyi yana cikin gida, tsakanin mutane da barorinsu. Brin ya zana 'yan'adam a matsayin iyayengiji masu sauƙin kai: sun ba birai da dolfin kujeru a majalisa, sun damƙa wa dolfin ragamar kumbo. Duk da haka akwai hukumar da ke raba wa birai kati mai launi, kuma launin ne ke yanke wa kowa yawan 'ya'yan da zai haifa. Mai farin kati ba shi da iyaka. Wanda aka ga ƙwayoyinsa ba su yi ba, an rufe masa ƙofar zuriya. Biri ne mai karatu, mai tuƙa jirgi, mai ba'a da raha, amma aljihunsa na ɗauke da hukuncin da wani ya yanke kan jininsa. Ba abin mamaki ba ne da Gubru suka sami 'yan koren da za su yi musu aiki daga cikin waɗanda aka hana haihuwa. A nan littafin ya fi gaskiya, domin ya nuna cewa kyautatawar ubangida ba ta goge kasancewarsa ubangida.

Wanda ya karanta babin wala'i a fiƙihu zai gane siffar wannan alaƙa, inda igiya ke saura tsakanin 'yantacce da wanda ya 'yanta shi har ta kai ga gado. Bambancin shi ne bawa ya zo da hankalinsa kafin a mallake shi, birin Brin kuwa hankalin nasa ne ake bin sa bashi. Hujjar wannan bashi ba ta tsayuwa: ba a nemi yardarsa ba kafin a taɓa kakanninsa, kuma bashin da ba a ƙulla da saninka ba, da wuya a kira shi bashi.

Akwai raunin da Brin bai kauce masa sosai ba. Haƙƙi a tsarinsa yana zuwa ne da magana da lissafi da iya riƙe na'ura, wato da kamanni da mai bayarwa. Dabbar da ba a taɓa ba ana kiyaye ta ne galibi don wataƙila gobe ta zama baran wani. Adrian Tchaikovsky ya matsa gaba a Children of Time na 2015, inda gizo-gizo ne suka waye bisa kuskure, ba tare da ubangidan da ke tsaye a kansu ba, suka gina al'ummar da ba ta kwaikwayi ta mutane ba.

Batun ya fara fita daga shafukan almara. A 2019 masu bincike a birnin Kunming na ƙasar Sin sun ba da rahoton sanya wa birai wata ƙwayar halittar mutum mai alaƙa da girman ƙwaƙwalwa. A ɓangaren shari'a kuwa, wata kotu a Mendoza ta Ajantina ta amince a 2016 cewa wata chimpanzi mai suna Cecilia tana da haƙƙi a gaban doka, ta ba da umarnin fitar da ita daga gidan namun daji zuwa mafaka a Brazil. Cecilia ba ta yi magana ba, ba a kuma gyara mata ƙwayar komai ba. Wata dokar jin daɗin dabbobi ta Birtaniya ta 2022 ma a kan iya jin zafi da daɗi ta kafa ma'auninta, shi ya sa har ƙaguwa ta shiga cikinta.