Yadda Aka Gano Bambancin Jikin Mace da Namiji a Lokacin Tashin Hankali

Idan fargaba ta kama mutum, kamar yadda ta kama mutanen Haɗejiya a ambaliyar 2020 suna cika buhunan yashi a bakin jinga, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda. Su ne ke zuba sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini, sai zuciya ta shiga dukan uku-uku, baki ya bushe, sukari ya ƙaru a jini.

Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana wannan a 1915, ya ce shiri ne jiki ke yi na ko a tsaya a yi faɗa ko a ranta a na kare. A 1936 Hans Selye ya nuna a Kanada cewa ɓeran da aka daɗe ana wahalarwa ƙullutansa kan kumbura, gyambon ciki kuma ya kama shi.

Sai dai akasarin gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan maza aka yi su, dabba da mutum, wai don sauye-sauyen jikin mace na dagula lissafi. Wannan uzuri ya jawo wa ilimi asara mai yawa. Tun 1961 Julian Kitay ya nuna cewa macen ɓera ta fi namiji zubar da irin nasu kotisol ɗin idan an takura ta, aka daɗe ana zaton haka abin yake ga mutane. A 1992 Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa a Jami'ar Trier ta Jamus suka sa mutane yin jawabi da lissafin ka a gaban masu kallo, sannan suka auna yawunsu. Sai ga kotisol ɗin maza ya zarce na mata. A 1999 suka ƙara gano cewa na mace yakan sauya da kwanakin al'adarta, ƙwayoyin hana ɗaukar ciki kuma suna rage wanda ake samu a yawu.

A 2000 Shelley Taylor ta Jami'ar Kalifoniya ta kawo wani ra'ayi: mace a cikin haɗari takan fara tattara 'ya'ya ta nemi 'yan'uwa mata, kuma sinadarin oksitosin, mai taimaka wa naƙuda da zuwan nono, na da hannu a ciki. Har yau masana na muhawara kan iyakar rabon halitta da na tarbiyya a nan.

Amurka ta kafa doka a 1993 cewa a riƙa sa mata a binciken lafiyar da gwamnati ke biya, a 2016 kuma aka faɗaɗa ƙa'idar zuwa dabbobin gwaji. Sai dai yawancin mutanen da aka auna a waɗannan gwaje-gwaje Turawa ne. Matan Auyo da Guri da Kirikasamma, waɗanda ruwa kan tasa da goyo a baya, sun cancanci jami'o'in Jigawa su auna nasu kotisol ɗin.