Goge: Yadda Ake Gane Wanda Ya Haɗa Shi Da Ƙasar Da Ya Fito

Gabatarwa

A garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, kamar Sukuntuni da sauran ƙauyukan yankin Kankiya da Kusada, akan iya tarar da tsohon goge rataye a ɗakin wani dattijo, mai shi ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma sun kama wata sana'ar. Idan aka zo rabon gado, ko baƙo ya zo taya shi, sai tambaya ta taso: wa ya haɗa wannan goge, daga ina ya zo, kuma shekarunsa nawa? An shirya wannan bayani ne domin magada da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne tambayar kan fara iskewa.

Siffar goge

Goge abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda ake gogawa da ɗan baka. Jikinsa ƙwarya ce da aka rufe bakinta da fatar guza, aka kafe fatar a gefe, aka kuma huda ta a wuri ɗaya domin sauti ya fita. Sanda takan ratsa ƙwaryar ta zama wuyan goge. Tsirkiyar tsagiya ce, wato gashin wutsiyar doki da aka tara da yawa, tana bi ta kan wani ɗan itace da ake kira jaki. Shi ma bakan tsagiya ake ɗaura masa, a riƙa shafa masa ƙaro domin ya kama. Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya, kuma da ita makaɗa irin su Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Hassan Wayam suka yi suna. Mutane da yawa sukan haɗa su biyun a suna ɗaya, don haka abu na farko shi ne a tabbatar wanne ne a hannu.

Asalinsa

Masana tarihin kiɗa sun fi karkata ga cewa dabarar goga tsirkiya da baka ta fara ne a tsakiyar nahiyar Asiya, ƙasar masu dawaki, sannan ta yaɗu cikin ƙasashen Musulmi. Malamin nan Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950 Miladiyya, ya ambaci rababa a babban littafinsa na ilmin kiɗa. Ana ganin dangin rababa sun ƙetaro Sahara ta hanyoyin fatake, kuma Katsina na daga cikin manyan zangunan wannan fatauci.

Shi ya sa goge yake da 'yan'uwa ko'ina a wannan yanki. Buzaye suna da imzad, wanda mata ne ke kaɗa shi, kuma a shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan ƙasashen Aljeriya da Mali da Nijar. Zabarmawa suna da nasu, Dagwambawa na arewacin Gana suna da gonje, Fulanin Senegal da Gambiya kuma suna da nyanyeru. Farfesa Jacqueline DjeDje ta kwatanta gogen Fulani da na Hausawa da na Dagwambawa a littafin da ta fitar a 2008. Kafin ita, David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

A ƙasar Hausa goge ya daɗe yana tafiya da bori, yana kuma tafiya da wasannin samari da 'yan mata. Bayan jihadin 1804 malamai sun tsananta wa bori, sarakunan Haɓe na Katsina kuma suka koma arewa suka kafa Maradi, inda waɗannan al'adu suka ci gaba da ƙarfinsu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji cewa gogen da ke wani gida a ƙasar Katsina daga Maradi kakan gidan ya zo da shi, ko can ya yi koyo.

Me ya sa gane maƙerin yake da wuya

A Turai masu yin babban dangin goge sukan manna takarda a cikinsa, mai ɗauke da sunansu da garinsu da shekara. Haka Antonio Stradivari na garin Kiremona a Italiya, wanda ya mutu a 1737, ya riƙa yi. Duk da haka takardar ba ta isa hujja ba, domin an yi dubban kayan kiɗa daga baya aka manna musu sunansa, har sai da masana suka koma duba zoben shekarun itacen da salon sassaƙa.

Gogenmu kuwa ba ya ɗauke da suna ko kaɗan. Galibi makaɗin ne yake haɗa abinsa da hannunsa, ko ubangidansa da ya koya masa kiɗa ya haɗa masa. Ƙwarya daga manomi take, fata daga maharbi, tsagiya daga mai doki, ƙarfe daga maƙeri. Sannan goge ba ya zama yadda aka yi shi: tsagiya takan tsinke a sake ta, fata takan yage a canza, jaki yakan ɓata a sassaƙa wani. Gogen da ake cewa ya shekara tamanin, wataƙila ƙwaryar da sandar ne kawai suka kai haka. Wannan bai rage masa daraja ba, amma dole a faɗi gaskiyar wane sashe ne tsoho.

Abin da za a duba a jikinsa

A fara da ƙwarya da sanda, domin su ne suka fi daɗewa. A duba gefen ƙwaryar: idan akwai tsofaffin ramuka ban da waɗanda ke riƙe da fatar yanzu, to an taɓa sake fata, kuma yawan layukan ramukan yana nuna sau nawa. A duba abin da aka kafe fatar da shi, ko tsinken itace ne, ko ƙusar maƙeri, ko ƙusar kanti mai kai iri ɗaya. A duba inda yatsu suka cinye sandar har ta yi santsi, domin wannan ba a yin sa da gangan cikin kwana biyu. Zaren roba a maimakon tsagiya gyaran baya-bayan nan ne.

Ado ma yana magana. Zanen ƙwarya, da ɗinkin fata na dukawa, da wuri ko layu da aka rataya, duk suna iya nuna gari ko gidan sana'a. Amma a yi hattara, domin makaɗa matafiya ne. Mutum zai iya sayen ƙwarya a kasuwar Charanci, ya samo fata a Kano, ya haɗa gogen a wani gari na uku. Hannun mai haɗawa ya fi fitowa a ƙananan abubuwa da ba ya canzawa, kamar yadda yake ƙulla tsagiya, da inda yake huda fata, da lanƙwasar bakansa. Tsohon makaɗi yakan ɗauki goge ya juya shi sau ɗaya ya ce aikin gidan wane ne.

Shaidar baki

Babbar hujja tana bakin mutane. A tambayi matar mamacin, da tsofaffin yaransa da suka yi masa kiɗan ƙwarya ko amshi, da Sarkin Makaɗa idan akwai shi a garin. A tambayi kowa shi kaɗai, a kuma bambanta wanda ya gani da idonsa da wanda ya ji an ce. Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, don haka a auna da abin da kowa ya sani: zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, ko na Usman Nagogo, wanda ya rasu a 1981, ko samun 'yancin kai a 1960, ko ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Wasu gidaje sukan ji nauyin ambaton bori. Bai kamata mai tambaya ya yi musu wa'azi ko ya tilasta musu ba, in ba haka ba za su rufe baki, labarin ya tafi.

Abin da aka samu a rubuta shi, da boko ko da ajami: sunan mai gogen, da wanda ya koya masa, da garin da ya yi koyo, da gyaran da aka yi. A ɗauki hoto ta gaba da ta baya, a ajiye kwafi ɗaya a gidan, ɗaya wurin dagaci.

Doka da ajiya

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba, ta kuma hana sayar da su ga wanda hukumar ba ta amince masa ba. Kayan hannu da aka yi kafin 1918 suna cikin wannan rukuni. Duk wanda aka zo taya masa tsohon goge, ya fara sanar da dagaci, a tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ko gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke birnin Katsina.

Kafin nan, kada a wanke shi, kada a shafa masa mai ko fenti, kada kuma a cire layu ko tsohuwar fata don a gyara shi ya yi kyau, domin a nan shaidar take. A sassauta tsirkiyar, a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta tare da bakansa, a rataye shi inda gara da ɓera da ɗigon ruwan damina ba za su kai gare shi ba.