Makullin Rumbu a Hannun Wa?

Yunwar manomi tana da lokacinta. Tana zuwa tsakanin shuka da nunar sabon gero, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, noma kuma ya kankama. Wanda ya sayar da hatsinsa da arha da kaka don biyan bashi, shi ne zai saye shi da tsada a tsakiyar damina. Duk wata dabarar taimakon ƙaramin manomi da ƙasar Hausa ta sani, ta dā da ta yanzu, wannan giɓin take neman cikewa.

Kakanninmu sun yi wa watannin nan tanadi. Na farko shi ne rumbun tsimi. Maigida yakan rufe shi da kaka, da gero a zangarniyarsa don ya daɗe bai lalace ba, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka an koma gandu. A gidan da na tashi a ƙasar Maraɗi, ko suna ake yi ko aure, kakana ba ya yarda a buɗe wannan rumbu, gara a sayar da akuya. Sai zakka, dami ɗaya cikin goma, wadda ake fitarwa tun a gona. Sai gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar marar lafiya ko dattijon da ƙarfinsa ya ƙare. Har sarautar noma da kyauta ake samunta: wanda ya noma dami dubu yakan yi bikin dubu, ya rabar da hatsi ga jama'a, sannan a kira shi sarkin noma. Duk da haka talaka bai tsira daga falle ba, wato ya ranci dami ɗaya da damina ya biya biyu da kaka.

Zuwan Turawa ya girgiza wannan tsari. Haraji ya koma na kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara cin filin gero. Manomi ya shiga sayar da abin da ya kamata ya tsima. Da ruwa ya ƙi a 1913, yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba ta tarar da rumbuna da yawa fayau. A Nijar, bayan yunwar 1931 da fara ta jawo, Faransawa sun tilasta wa ƙauyuka zuba hatsi a rumbunan ajiya na hukuma. Dabarar ta yi kama da ta gargajiya, amma ba a buɗewa sai da izinin kwamandan Faransawa. Mutane suka ɗauke ta wani haraji na daban, suka riƙa ɓoye abin da suka noma.

Farin 1973 ne ya buɗe ƙofar agajin waje. Buhunan hatsi suka shigo daga Amurka da Turai, kuma yadda aka yi da su ya zama maganar siyasa: da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar ranar 15 ga Afrilun 1974, rabon abincin agaji yana cikin abin da sojoji suka kafa hujja da shi. Shekara goma bayan nan aka yi yunwar da mutanen Nijar suka sa wa suna El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Buhari ta yi a 1984.

Daga waɗannan shekaru ƙungiyoyin agaji suka yaɗa bankin cimaka. A gina wa ƙauye ɗakin ajiya, a ba shi jarin hatsi, kwamiti ya saya da kaka ya sayar da rahusa da damina. Da yawa sun mutu cikin 'yan shekaru. An ba dangi bashi ba a biya ba, an sayar ƙasa da kuɗin saye, wani lokaci kuma abincin kyauta ya iso ya karya farashi. Abin da na riƙa ji a bakin mutane shi ne, ai kayan furoje ne, wato na masu agaji. Abin da ba naka ba, ba ka kwana kana gadinsa.

A 1991 ƙungiyar CARE ta gwada wata hanya a jihar Maraɗi, mai suna Mata Masu Dubara. Ba ta kawo jari ba. Ta ɗora a kan adashin da mata suka gāda: kowane mako su zuba abin da suka iya a asusu, su ranta wa junansu, su raba riba in shekara ta zagayo. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kuma hukumar FAO ta taimaka wajen kawo jinginar amfanin gona: manomi ya ajiye buhunansa a ɗakin ƙungiya, ya karɓi rance ya yi sana'ar rani, ya fanshi hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Ɗakin yana da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun mai ba da rance, ɗaya a hannun manoma.

Shekarar 2005 ta nuna muhimmancin irin waɗannan dabaru. Kasuwannin Maraɗi suna da hatsi, amma farashi ya yi tashin gwauron zabi, yara suka cika cibiyoyin tamowa a jihar da ke ciyar da ƙasa. Abincin gaggawa ya ceci rayuka a lokacin, kuma wajibi ne a kawo shi duk ranar da irin haka ta faru. Amma mai niyyar taimakon da zai wuce damina ɗaya, ya fara tambayar mutanen gari yadda suke tsimi, yadda suke zakka da adashi, ya ƙarfafa abin da ya tarar, ya bar musu hukuncin ranar buɗewa da farashin tiya.