Goge da Banjo a Duwatsun Afalaciya: Gadon da Kasuwa ta Raba

A jerin duwatsun Afalaciya da ke gabashin Amurka, musamman a jihohin Birjiniya, Karolina ta Arewa, Tenesi da Kentaki, akwai wani kiɗan tsirkiya da mutanen wurin ke kira kiɗan zamanin da. Kayan kiɗa biyu ne ginshiƙinsa: gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da banjo. Jita daga baya ta shigo. An daɗe ana ɗaukar kiɗan a matsayin gadon talakawan fararen fata kaɗai, amma wanda ya dubi kayan kiɗan da hannun da ke kaɗa su zai ga wani labari dabam.

Gogen ba shi da gardama. Baƙin da suka fito daga Sikotlan, Ailan da Ingila a ƙarni na 18 ne suka zo da shi, tare da amon rawarsu. Banjo kuwa bayi ne 'yan Afirka ta Yamma suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan. Wani likita, Hans Sloane, ya ga irinsa a Jamaika, ya kuma buga zanensa a 1707. Thomas Jefferson kuwa, a littafinsa kan jihar Birjiniya, ya ce daga Afirka bayi suka zo da shi. Banjon farko duma ne da aka yanke, aka rufe da fata, aka sa masa gora da jaki. Bahaushen da ya taɓa riƙe gurmi ba zai ga baƙon abu ba, duk da cewa masu bincike sun fi danganta banjo da akontin na ƙabilar Jola a Gambiya da Sanagal.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin hannu ne. Makaɗin banjo na kan dutse yana lanƙwashe yatsunsa kamar zai damƙi wani abu, ya bugi tsirkiya ƙasa da bayan farce, sannan babban yatsa ya sauka kan wata gajeriyar tsirkiya da ba ta kai ƙarshen gora ba. Amonta ba ya canzawa, tana ta nanata kanta a ƙarƙashin kiɗan. Haka Bajola yake kaɗa akontin, har da gajeriyar tsirkiyar. Ana iya sayen kayan kiɗa a kasuwa, amma irin wannan bugu sai an zauna kusa da mai yi an koya. Ke nan baƙi da fari sun zauna tare, sun daɗe suna zama. Tsarin kiɗan ma na taro ne: gaɓa biyu, kowace a maimaita ta, kowa na bin amo ɗaya, babu mai fita shi kaɗai ya nuna gwaninta, domin don ƙafafun masu rawa ake yi.

To, yaya aka yi aka manta? Tun daga shekarun 1830 fararen fata irin su Joel Sweeney, wanda a wurin bayi ya koyi banjo, suka riƙa shafa baƙi a fuska suna wasan kwaikwayon wulaƙanta baƙar fata, abin da ya ɓata sunan banjo a idon jikokin masu shi. Sai Cecil Sharp da Maud Karpeles suka zo daga Ingila tsakanin 1916 da 1918, suka tattara waƙoƙi wajen 1,600. Aiki ne mai daraja, sai dai tsohuwar Ingila suka zo nema, ita kuma suka gani.

Babban rabon gadon ya zo da faifan garmaho. A 1923 Ralph Peer ya ɗauki kiɗan Fiddlin' John Carson a Atlanta don kamfanin Okeh, faifan kuma ya yi kasuwa. A 1927 ya sake kafa na'urarsa a garin Bristol, inda ya samo iyalan Carter da Jimmie Rodgers. Kamfanonin sun raba hajarsu gida biyu: kiɗan kan dutse na farare, kiɗan bulus da waƙar coci na baƙaƙe. Makaɗin goge baƙar fata sai ya rasa gurbi. Abin takaici ne, domin Lesley Riddle, baƙar fata, shi ya riƙa raka A. P. Carter ƙauye-ƙauye yana haddace amon waƙoƙi, makaɗi farar fata Bill Monroe kuma da bakinsa ya riƙa ambaton Arnold Shultz, shi ma baƙar fata, cikin malamansa.

Zaren bai tsinke ba. Bayan taron makaɗan banjo baƙar fata da aka yi a garin Boone a 2005, matasa uku, Rhiannon Giddens, Dom Flemons da Justin Robinson, suka riƙa zuwa gidan wani dattijo baƙar fata, Joe Thompson, a Mebane, suna zama gabansa yana goge suna bi. Ƙungiyarsu, Carolina Chocolate Drops, ta ci lambar Grammy a 2011. Thompson ya rasu a 2012 yana da shekara 93.